Kurkum da Zaizayar Ƙashi

Kurkum, wanda ake kira gangamau, saiwa ce mai ruwan ɗorawa daga dangin citta, asalinta Indiya. A Legas ana samunsa ɗanye ko niƙaƙƙe a kasuwannin Mile 12 da Agege, inda Yarabawa ke ce masa atale pupa. Sinadarin da ke ba shi launi shi ne kurkumin, wanda aka fara tacewa a 1815, kuma bai wuce kashi 2 zuwa 5 cikin ɗari na busasshen gari ba.

Ƙashi kullum cikin rushewa da ginuwa yake: ƙwayoyin ostiyokilas na cinye tsohon ƙashi, ostiyobilas na zuba sabo. Idan mace ta daina al'ada, sinadarin istirojin ya ja baya, masu rushewa sai su rinjayi magina, ƙashi ya zama fanko, har ƙugu ko tsintsiyar hannu su karye daga ɗan zamewa kawai. A ɗakin gwaji, kurkumin na toshe saƙon RANKL, wani furotin da ke haifar da ostiyokilas, kuma ya rage zaizayar ƙashi a ɓerayen da aka cire wa ƙwan haihuwa. A jikin ɗan'adam kuwa, gwaje-gwajen ƙanana ne, babu wanda ya nuna ya hana karaya.

Babban cikas shi ne hanji ba ya tsotsar kurkumin sosai, ɗan abin da ya shiga ma hanta na saurin fitar da shi. Shi ya sa ake dafa kurkum da mai, a barbaɗa masoro, domin wani bincike na 1998 ya nuna sinadarin masoro ya ninka shigar kurkumin jini kusan sau 20. Ƙaramin cokali na gari, kimanin giram 3, na ɗauke da kurkumin miligiram 90 ko kusa da haka. Iyakar kurkumin da kwamitin hukumomin lafiya da abinci na duniya, WHO da FAO, ya sa ita ce miligiram 3 ga kowane kilo na nauyin jiki a rana.

Kafson kurkum mai ƙarfi ba kamar na miya ba ne, an samu waɗanda ya ji wa rauni a hanta. Mai shan maganin tsinka jini irin warfarin, da mai tsakuwar matsarmama ko ta ƙoda, su nemi shawarar likita tukuna. Ana tabbatar da cutar zaizayar ƙashi ne da hoton DXA mai auna ƙarfin ƙashi, idan maki ya kai -2.5 ko ƙasa, kuma kurkum ba ya maye gurbin maganin ƙashi na alendronate, bitamin D, ko kalsiyam ɗin da ke cikin kindirmo da ƙananan kifi masu ƙaya.