Waiwaye: Tun Yaushe Kiristocin Yamai Ke Jayayya Kan Tushen Wahala?

Da wuya yanzu a tashi daga zaman makoki a gidan Kirista a Yamai maganar ba ta taso ba. Dattijo ya ce, "Ubangiji ya bayar, Ubangiji ya karɓa." Matashi ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, a gafarce ni, Allah ba ya aiko wa 'ya'yansa cuta, wannan aikin Shaiɗan ne." Mutane da yawa na ɗora laifin a kan wa'azin da ke yawo a WhatsApp, alhali wayar ta tarar da gardamar ne a hanya.

Batun iyakar ikon Allah da zaɓin ɗan Adam tsoho ne. Malaman Kirista Agustin da Pelagiyus sun kara a kansa a farkon ƙarni na 5, aka sake zama dominsa a taron malaman majami'u na garin Dort, a ƙasar Holand, daga 1618 zuwa 1619. A nan gida, 'yan mishan na ƙungiyar bishara ta SIM (Sudan Interior Mission) sun sauka Damagaram a 1924, cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito a 1932, aka buɗe asibitin Galmi a 1950. Kiristocin farko na Nijar sun tashi ne da labarin Ayuba da na Yusufu, wanda 'yan'uwansa suka nufe shi da mugunta, Allah ya juya ta alheri. Wannan bai yi nisa da haƙurin da maƙwabtansu Musulmi ke wa juna nasiha da shi ba, kuma da shi aka ƙetare farin 1973 da na 1984.

Inda ba a cika waiwaya ba shi ne farkon shekarun 1990. Taron ƙasa na 1991 ya buɗe ƙofar kafa ƙungiyoyi, har da na addini. Sai ga Janairun 1994, darajar sefa ta faɗi da rabi dare ɗaya. Magani kuwa daga waje ake kawo shi. Magidanci zai tsaya a farmasi da takardar likita, a yi masa lissafi, ya shafa aljihu, ya rage murya ya tambayi mai sayarwa wanne daga ciki za a iya bari sai wani watan. Ga albashi yana makara. A daidai lokacin kaset-kaset na wa'azi suka riƙa shigowa daga Najeriya da wata amsa dabam: talaucinka da ciwon ɗanka suna da mai su, ko aljani, ko la'anar kakanni, kuma ana iya korar su a addu'ar kwana.

A ganina, masu cewa jahilci ne ya ja mutane can ba su yi adalci ba. Wanda ya kasa sayen allura, in aka ce masa "nufin Allah ne", sai ya ji kamar an ce ya koma gida ya zauna. Sabon wa'azin ya ba shi abin yi da wanda zai yaƙa, ko da yake ya bar wa wanda bai warke ba zargin ƙarancin bangaskiya. Tsofaffin majami'u kuma sun daɗe suna maimaita haƙuri, ba su faye buɗe Yohanna sura 9 ba, inda Yesu ya ƙi ɗora makantar wani da aka haifa makaho a kan zunubinsa ko na iyayensa.

Shi ya sa da aka ƙona majami'u a Damagaram da Yamai ranakun 16 da 17 ga Janairun 2015, ɓangarorin biyu sun yi kiran a yafe, amma wasu sun kira abin gwaji da Allah ya yarda ya same su, wasu suka ce hari ne na Shaiɗan, suka shiga azumi.