Malaman addini da jam'iyyun adawa a Jamhuriyar Nijar

A Jamhuriyar Nijar, ko kafin a rushe jam'iyyu a 2025, doka ba ta yarda a kafa jam'iyyar addini ba. Kundin tsarin mulkin 2010 ya raba gwamnati da addini, ya kuma haramta duk jam'iyyar da aka gina a kan ƙabila ko yanki ko addini. Saboda haka idan aka ce malamai sun mara wa wata sabuwar jam'iyyar adawa baya, ba ana nufin sun kafa ta da sunan Musulunci ba ne. Goyon bayan yakan biyo ta addu'a da fatihar buɗe taro, ta wa'azi, ta ziyarar da ɗan takara ke kai wa shehi a zaurensa, da kuma bakin ƙungiyoyin addini masu takardar izini daga ma'aikatar cikin gida.

Kafin 1990 babu filin da za a yi hakan. Tun 1959 aka haramta jam'iyyar Sawaba ta Djibo Bakary, PPN-RDA ta Diori Hamani ta zauna ita kaɗai. Da Seyni Kountché ya karɓe mulki a watan Afrilun 1974, a shekarar aka kafa Ƙungiyar Addinin Musulunci ta Nijar, wato AIN, wadda Alfa Oumarou Ismaël ya daɗe yana jagoranta. Ita ce muryar malamai a hukumance, gwamnati kuwa na sa mata ido sosai.

Ƙofa ta buɗe ne bayan kisan ɗalibai a gadar Kennedy da ke Yamai ranar 9 ga Fabrairun 1990, da babban taron ƙasa da aka yi daga 29 ga Yuli zuwa 3 ga Nuwamban 1991 a ƙarƙashin André Salifou. Jam'iyyu suka tsiro, ƙungiyoyin addini ma suka tsiro tare da su: ADINI-Islam ta 'yan Izala, wadda ta yi ƙarfi a cikin 'yan kasuwar Maraɗi, da ANASI, da ARCI ta 'yan Tijjaniyya masu alaƙa da garin Kiota. Karon farko da aka ji nauyinsu shi ne wajen rubuta kundin 1992. Malamai suka ƙi kalmar Faransancin nan "laïcité", domin a kunnen jama'a tana nufin ƙasa marar addini. Aka janye ta, aka rubuta cewa ƙasa ba ta bin wani addini guda a hukumance. Tsarin bai sauya ba, amma kowane ɗan siyasa ya gane cewa akwai masu magana da ba a tsallake su.

Sunayen jam'iyyun kansu abin lura ne: CDS-Rahama, MNSD-Nassara, UDPS-Amana, MODEN-Lumana. Doka ta hana tutar addini, sai aka ɗauko kalmomin da mutum ke ji a masallaci da makarantar allo. A 1993 ƙawancen 'yan canji, AFC, ya haɗa Rahama da PNDS-Tarayya da ANDP-Zaman Lahiya, ya kayar da MNSD, tsohuwar jam'iyya mai mulki, Mahamane Ousmane na Rahama ya zama shugaban ƙasa. Mahamadou Issoufou na Tarayya, ɗan Dandaji a jahar Tawa, ya zama firaminista. Ƙasar Adar, wato yankin Tawa, ta zama cibiyar Tarayya tun daga lokacin, duk da cewa an san jam'iyyar da 'yan boko masu ra'ayin gurguzu. A can, kamar ko'ina a ƙasar, mai neman ƙuri'a ba ya wuce ƙofar limamin gari bai tsaya gaisuwa ba.

Tarihin shekarun da suka biyo baya ya nuna cewa ƙarfin malamai ya fi bayyana idan sun haɗu a kan magana guda, fiye da lokacin da suka rarrabu a bayan 'yan takara. Su suka hana a kafa dokar iyali a 1994. A Nuwamban 2000 zanga-zangar ƙin bikin nuna tufafi na FIMA ta rikiɗe ta zama tarzoma a Yamai da Maraɗi, gwamnati ta rushe wasu ƙungiyoyi. A 2006 majalisar dokoki ta yi watsi da yarjejeniyar Maputo kan haƙƙin mata bayan matsin lambarsu. Duk waɗannan ba jam'iyya ce ta yi su ba.

Shiga jam'iyya kuwa tana da tsada ga malami. Sahun sallarsa ya haɗa ɗan adawa da ɗan gwamnati, kuma ranar da aka gan shi a dandalin kamfe rabin sahun zai fara sauraren huɗubarsa da wani kunne. Masu goyon bayan shigar suna cewa gyaran ƙasa yana cikin umarni da kyakkyawa da hani da mummuna, kuma idan mutanen kirki suka ja baya, masu cin amana ne za su cika filin. Hujja ce mai nauyi, musamman a ƙasar da talaka ke kai kukansa ga malami kafin ya kai shi ga ɗan majalisa. Masu ƙi suna tsoron kada a saye malamin da kujerar Hajji da buhunan azumi, a bar al'umma ba mai sasanta ta ranar rigima. An ga amfanin wannan matsayi na mai shiga tsakani a Agustan 2023, lokacin da tawagar malaman Najeriya ƙarƙashin Sheikh Abdullahi Bala Lau ta gana da Janar Abdourahamane Tiani, shugaban sojojin da suka karɓe mulki, a Yamai, ana tsakiyar barazanar ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO.

Sojojin da suka kifar da shugaba Mohamed Bazoum ranar 26 ga Yulin 2023 sun dakatar da kundin 2010 da ayyukan jam'iyyu. A ranar 26 ga Maris 2025, bayan taron ƙasa na watan Fabrairu, aka rushe jam'iyyun gaba ɗaya, aka tsayar da wa'adin riƙon ƙwarya na shekara 5.