Waiwaye: Ciwon laburaren jami'a ya girmi wayar hannu

Duk sanda aka tayar da zancen taɓarɓarewar karatu a jami'o'inmu, wayar hannu ake fara ɗora wa laifi, wai ɗalibai sun ƙaurace wa laburare sun koma latse-latse. Ni dai a ganina ciwon ya girmi wayar nesa ba kusa ba. Mu duba Laburaren Kashim Ibrahim na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, Zariya.

Farkon labarin sananne ne. Da aka kafa jami'ar a 1962, ta gaji littattafan kwalejin da ta tarar a wurin, aka kuma sa wa laburaren sunan Sir Kashim Ibrahim, ɗan Borno, gwamnan tsohuwar Jihar Arewa. Yana da rassa, irin su Laburaren Shugaba Kennedy a harabar jami'ar ta Kongo, cikin Zariya, da na aikin gona, da na likitanci. A cikinsa akwai littattafai, da tsofaffin jaridu, da kundayen digiri, da mujallun bincike.

Waɗannan mujallun su ne inda gizo ke saƙa, amma ba a cika ambatonsu ba. Littafi sau ɗaya ake sayensa a ajiye. Mujalla kuwa kowace shekara sai an biya kuɗinta, yawanci da dala ko fam, tun kafin ta iso. Ta nan ne malamin kimiyya ko likitanci ke sanin inda fanninsa ya kwana a duniya. A 1985 dala ɗaya ba ta kai naira ɗaya ba. Farashin man fetur ya faɗi, darajar naira ta karye a 1986, zuwa 1987 dala ta kai wajen naira 4. Kuɗin da ke kawo mujallu huɗu sai ya koma na guda ɗaya. Laburaren jami'o'i a duk faɗin Najeriya suka shiga yanke wasu, kuma shekarar da ta wuce ba a biya ba, da wuya a sake cike gurbinta.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne abin da ya biyo baya. Ɗalibin da ya je kantar mujallu sau biyu, sau uku, bai sami sabon abu ba, sai ya haƙura ya rungumi handawut, wato takardun darasin da malami ke bayarwa. Wasu daga cikin ɗaliban wancan zamani su ne malaman yau. Ashe an yi wa ɗabi'ar zuwa laburare rauni tun kafin layin GSM ya shigo Najeriya a 2001.

Yanzu ana cewa intanet ta share hawaye, tunda mujallun sun koma cikin kwamfuta. Ta taimaka ƙwarai, musamman da ake sa kundayen digiri inda kowa zai iya karantawa. Sai dai manyan rumbunan mujallun har gobe da dala ake biyansu duk shekara, dala kuwa a 2024 ta haura naira 1,400.