Hodar matatar mai a tanderun siminti: me doka ta ce?

A matatar mai akwai wata hoda mai laushi kamar gari, ana ce mata katalis. Ita ke fasa mai mai nauyi ya koma fetur. In ta daɗe tana aiki, ƙarafan nikel da banadiyam da ke cikin ɗanyen mai sukan kashe mata ƙarfi, sai a fitar da ita. Mafi yawanta alumina ce da silika, wato abin da mai siminti ke nema a yumɓu. Shi ya sa a ƙasashe da dama ake haɗa ta da farar ƙasa a gasa, maimakon a binne ta. Zancen ya shafe mu a Sakkwato, don tun 1967 ake yin siminti a Kalambaina, kuma duk hodar da za ta taso daga matata, ta Kaduna ko ta kudu, a tirela za ta ratso garuruwanmu.

Tushen maganar ita ce dokar shara mai cutarwa ta 1988, wadda aka kafa bayan an gano gangunan guba da aka kawo daga Italiya aka jibge a garin Koko na jihar Delta ta yanzu. Ta haramta ɗauka, jigila, zubarwa, saye ko sayar da irin wannan shara ba tare da izini ba. Hukuncinta ɗaurin rai da rai ne, kuma motar da ta ɗauko da filin da aka zuba duk gwamnatin tarayya za ta ƙwace. A lura, ba ta hana a amfana da shara ba. Abin da ta hana shi ne a taɓa ta babu takarda.

Inda mutane ke rikicewa shi ne wajen wa za a nema. Dokar 2007 da ta kafa NESREA, hukumar kare muhalli ta tarayya, ta cire harkar mai da gas daga hannunta, matatu kuwa tun dokar man fetur ta 2021 suna ƙarƙashin NMDPRA, hukumar da ke kula da tace mai da rarraba shi. Amma masana'antar siminti NESREA ke sa mata ido, da ƙa'idojin 2011 na masu sarrafa ma'adinan da ba ƙarfe ba. Kaya ɗaya, hukuma biyu: ɗaya a inda ya fito, ɗaya a inda zai shiga. In kuma daga waje za a shigo da shi, yarjejeniyar Basel ta 1989 kan safarar shara mai cutarwa tsakanin ƙasashe ta ce sai ƙasar da za ta karɓa ta amince a rubuce kafin jirgi ya taso.

Ba kowace katalis ce ta dace da tanderu ba, kuma nan ne ake yin ɓarna. Wadda ake cire farar wuta da ita daga mai daban take. Tana ɗauke da molibdenam da nikel ko kobalt, tana jiƙe da mai, kuma in ta sha iska tana iya ɗaukar zafi da kanta har ta kama wuta. Wannan masu tace ƙarfe ake kai wa.

Ko katalis ɗin da ta dace da tanderu ma sai an gwada kowane lodi: ƙarafa, farar wuta, kulorin, da ragowar mai. Kulorin in ya yi yawa yakan daskare ya toshe hasumiyar da ke ɗumama garin haɗin siminti kafin ya shiga tanderu. Ragowar mai kuwa ya fi wayo. Cikin tanderu zafi na kaiwa digiri 1450, amma gari ta gefen da ba shi da zafi sosai yake shiga, don haka man zai tashi ya bi hayaƙi tun bai ƙone ba. Littafin jagora na Basel na 2011 kan tanderun siminti ya ja kunne a kan wannan.

Sai ajiya. Hodar nan ba a jibge ta a fili. Iskar hunturu za ta kwashe ta zuwa gidajen mutane, ruwan damina ya wanke ta zuwa fadama. A rumbu rufaffe ko manyan buhuna ɗaurarru ake ajiye ta.

Direba da mai mota, kafin a ɗaure tamfol ku karɓi takardar da ta faɗi sunan kayan, nauyinsa, sakamakon gwaji, inda ya fito da wanda zai karɓa. In aka tare mota a hanya, wanda ke riƙe da sitiyari za a fara tambaya.