Ina Ofishin Malamin Shawara a Makarantar Ɗanka?

Sau uku a wata guda aka kawo mini yarinyar nan asibitinmu na unguwa, 'yar aji biyu a ƙaramar sakandare, kullum kukanta ɗaya: ciwon kai da faɗuwar gaba. Mun yi gwajin maleriya, babu. Mun duba jini, lafiya lau. Zuwan farko da na biyu Panadol na ba ta ta tafi. A na uku sai na roƙi malamar da ta rako ta ta ɗan ba mu wuri, na jawo benci na zauna kusa da ita. Ta daɗe tana murza bakin hijabinta kafin ta ce, "Anti, idan na ji ƙarar babura da yawa sai numfashina ya ɗauke." Ashe gudowa suka yi daga ƙauye bayan 'yan bindiga sun faɗa musu cikin dare, ajinsu kuwa a bakin titi yake, daidai inda 'yan acaɓa ke tsayawa.

Washegari na tafi makarantar neman malamin shawara, wato malamin da aka ware don sauraron damuwar ɗalibai da ba su shawara. Akwai shi, har digiri ya yi a fannin. Amma da alli a hannu na same shi, an ɗora masa darasin zamantakewa na azuzuwa shida. Ɗakin da aka ware masa an mayar da shi sito, karyayyun kujeru har bakin taga. Ya ce, "Sista, ko yaro ya zo da damuwa, a ina zan zaunar da shi? A ɗakin malamai, kowa na ji?"

Iyaye da yawa ba su ma san da wannan malami ba, balle su san wuyar da aka sha kafin a samo masa kujera. Tun 1959 wasu mata 'yan mishan na makarantar St Theresa da ke Oke-Ado a Ibadan suka fara gayyato ma'aikata daga waje su yi wa 'yan ajin ƙarshe bayanin sana'o'i. A 1976 masu wannan aiki suka kafa ƙungiyarsu, wadda yau ake kira CASSON, shekara guda bayan haka kuma manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta amince makarantu na buƙatar masu ba ɗalibai shawara. Daga nan fa sai tafiyar hawainiya. Sai a 2022 Shugaba Buhari ya sa hannu kan dokar kafa majalisar da za ta riƙa yi wa masu aikin rajista da sa musu ido, bayan ƙungiyar ta yi shekaru tana safa da marwa a Majalisar Tarayya. Sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ma sai a Janairun 2023 aka sa mata hannu. Kafin nan da dokar 1958 ake aiki, wadda ko a sunanta "mahaukata" take cewa.

Malamin shawara daban, masanin halayyar ɗan Adam na makaranta daban. Shi na biyun ne ke gwada yaro ya gano ko rashin iya karatunsa daga wata matsala ce ta koyo, ko firgici ne, ko ƙuncin zuciya. Irinsu a makarantun gwamnati na wajenmu sai an tona, don haka kusan duk nauyin kan malamin shawara yake faɗawa. A Amurka suna da ƙungiya tasu, NASP, tun 1969, kuma abin da ke burge ni da su shi ne da lissafi suke magana. Sun tsaya kan cewa kowane ɗalibi 500 na buƙatar masani ɗaya, suna kuma ƙirga giɓin jiha-jiha su kai wa 'yan majalisa. Har yanzu su ma ɗaya ne ke ɗauke da ɗalibai sama da dubu, amma kowa ya san adadin da ake bin gwamnati bashi. Da rassan ƙungiyoyinmu na jihohi za su riƙa fitar da irin wannan ƙidaya duk shekara, makarantu nawa ke da malamin shawara, nawa ne a cikinsu aka bar su su yi aikin, da ya fi taron lacca da rabon takardar shaida amfani.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a cikin yara bakwai masu shekara 10 zuwa 19, ɗaya na fama da wata larurar ƙwaƙwalwa. Ku haɗa wannan da abin da ɗalibai suka gani a Ƙanƙara a 2020, da Jangebe a 2021, da Kuriga a 2024, da dubban da labarinsu bai shiga rediyo ba.

Ƙungiya ita kaɗai ba ta iya kwashe kujeru daga ɗaki, sai iyaye sun sa baki. Ranar taron iyaye da malamai, bayan an gama maganar kuɗin gini, wani ya miƙe ya tambayi shugaban makaranta: wane ne malamin shawara, ina ɗakinsa, awa nawa aka bar masa a mako don ganin yara? A gida kuma a lura. Yaron da ya yi shiru alhali da mai surutu ne, ko ya koma fitsarin kwance bayan ya daina, ko ya ƙi makaranta ba dalili, kada a fara masa da bulala. Addu'a da ruƙiyya ba su hana a kai shi a saurare shi, ana haɗawa. Idan abin ya fi ƙarfin makaranta, akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Barnawa da Kware da Dawanau da Maiduguri. Yaron da ya ambaci kashe kansa kuwa ba a jira wayewar gari, kuma ba a barinsa shi kaɗai.

Ita yarinyar, an mayar da ita wani aji na can ciki, nesa da titi. Iyaye biyu masu sana'ar kafinta suka kwashe kujerun suka gyara na gyarawa, malamin ya samu tebur da labule, aka rage masa azuzuwa biyu. Duk ranar Laraba tana zuwa wurinsa. Ƙarar babur har yanzu tana razana ta, amma rabonta da bencin asibitinmu wata biyu ke nan.