Zanen Gwauruwa Mai Anini Biyu Ba Hoton Abin da Ya Faru Ba Ne

Da yawa daga masu rataye zanen labaran Littafi Mai Tsarki a coci ko a falo sun ɗauka haka mutanen wancan zamani suke, fuska da sutura. Ba haka ba ne.

Dubi labarin gwauruwar da ta zuba anini biyu a baitulmalin Haikali, babban ɗakin ibadar Yahudawa a Urushalima, Yesu ya ce ta fi masu kuɗi bayarwa, domin duk abin da take da shi ta bayar. Markus sura 12 da Luka sura 21, inda labarin yake, ba su faɗi kamanninta ba, ba su ce tana da ɗa ba. Amma masu zane sukan ɗora mata yaro a hannu, don tausayi ya kama mai kallo. Makarantun zane na Faransa da Italiya sun horar da ɗalibai su tsayar da mutum a ɗakin aiki su zana shi, shi ya sa fuskokin suka fito na Turawa.

James Tissot, Bafaranshe, ya fi sauran ƙoƙari, kuma ina ganin ya cancanci yabo. Ya je Falasɗinu a 1886, ya zana tufafi da lungunan Urushalima, ya yi zane kusan 350 kan rayuwar Almasihu, waɗanda gidan tarihi na Brooklyn a Amurka ya saya a 1900. Sai dai mutanen zamanin Daular Usmaniyya ya gani. Haikalin kuwa Romawa sun rushe shi tun shekara ta 70 miladiyya, sai da ya haɗa shi daga rubuce-rubuce da tunaninsa.