Dokar Tarko Tsakanin Turai da Kanada: Abin da Ta Ce da Halin da Sana'ar Fatu Ke Ciki

Ranar 4 ga Nuwamba 1991 majalisar ministocin ƙungiyar ƙasashen Turai ta zartar da doka mai lamba 3254/91. Abu biyu ta ƙunsa. Na farko, daga 1 ga Janairu 1995 babu wanda zai ƙara ɗana tarkon ƙarfe mai cafke ƙafa a ƙasashen ƙungiyar. Na biyu, wanda ya fi tayar da ƙura, an hana shigo da fatun wasu namun daji iri 13, da duk kayan da aka ɗinka da su, daga ƙasar da ke amfani da wannan tarko, sai fa idan ta haramta shi ko kuma hanyoyin kamunta sun dace da ƙa'idar da ƙasashe suka amince da ita ta rage wa dabba azaba.

Tarkon da ake magana a kai sananne ne ga duk wanda ya taɓa bin maharba: muƙamuƙai biyu na ƙarfe, sifirin mai ƙarfi, da ɗan faranti a tsakiya. Dabba ta taka farantin, muƙamuƙan su rufe a ƙafarta, ta zauna nan da ranta har mai tarko ya dawo. A wannan jiran ne ƙashi ke karyewa, jijiya ta tsinke, wata ma ta ciji ƙafarta don ta kuɓuta.

Ƙasar da dokar ta fi girgizawa ita ce Kanada, domin a kan fata mai gashi aka gina ta. Kamfanin Hudson's Bay ya samu izinin sarkin Ingila a 1670 don cinikin fatu, kuma fatar biba, dabbar ruwan nan mai faffaɗar wutsiya da ke sare itatuwa tana datse rafi, ita ce ma'aunin ciniki a cibiyoyinsa shekaru da yawa. Har yau hotonta ne a kan kwabon santi biyar na ƙasar. Banda haka, mutanen arewacin Kanada sun riga sun ga abin da rufe kasuwar Turai ke haifarwa: a 1983 an hana shigo da fatun jariran sil, dabbar teku, farashin fatar sil gaba ɗaya ya faɗi, mafarautan Inuwit, mutanen asali na can arewa, suka rasa hanyar samun kuɗi alhali ba jariran suke farauta ba. Saboda haka Kanada ta zaɓi a zauna a yi ciniki. Aka yi ta ɗage ranar fara aiki da haramcin shigo da fatu, har aka cim ma yarjejeniyar ƙa'idojin tarko ta ƙasa da ƙasa, wadda Turai da Kanada suka sa wa hannu a Disamba 1997, Rasha ta biyo a 1998. Amurka ba ta shiga ba. Ta rattaba hannu kan wata takardar fahimta ta daban, saboda a can jihohi ne ke da iko kan namun daji.

Yarjejeniyar ta shafi dabbobi iri 19, kuma 12 daga ciki suna Kanada: biba, gafiyar ruwa, karen ruwa, kerkeci, koyote mai kama da dila, kyanwar daji iri biyu, rakun mai baƙin zane a ido, baja ɗan'uwan dage, sai wasu uku masu siffar tunku, wato matin, fisha, da ƙaramarsu amin, wadda gashinta ke rikiɗa fari fat da hunturu. Ba ta damu da dalilin kamun ba. Ko don fata ne, ko nama, ko kare gona da hanya, ƙa'idar ɗaya ce. Ta kuma raba tarkuna gida biyu, mai kashewa da mai riƙewa, kowanne da jarrabawarsa.

Tarko mai kashewa da agogo ake auna shi. Abin da ake ƙirgawa shi ne lokacin da dabba ta ɗauka daga bugun tarko zuwa sumar da ba farfaɗowa, kuma ana gane hakan ta taɓa ido da fatarsa: idan ƙiftawa ta ɗauke, ji ya ɗauke. Amin an ba ta daƙiƙa 45. Matin da danginta, daƙiƙa 120. Sauran duka, har da fisha, daƙiƙa 300, wato minti biyar. Ana gwada tarko kan dabba aƙalla 12 na irin da aka ƙera shi dominsu, kuma dole kashi 80 cikin 100 su suma kafin wa'adin ya cika. In dabba 12 aka gwada, goma ke nan. Lasisin da tarko ya samu na wannan dabbar ne kaɗai. Wanda ya ci jarrabawar matin bai zama halal ga fisha ba sai an gwada shi a kanta.

Yawancin tarkunan da ke cin wannan jarrabawa jikokin ƙirar Frank Conibear ne, wani mai tarko ɗan Kanada da tarkonsa ya shiga kasuwa a ƙarshen shekarun 1950. Firam biyu ne na ƙarfe masu kusurwa huɗu da ke juyawa su rufe kamar almakashi a wuya ko ƙirji. Da lamba ake kiran girmansu: 110 mai sifirin ɗaya na gafiyar ruwa, 120 mai sifirin biyu na matin, 330 mai faɗin inci goma na biba.

Tarko mai riƙewa kuwa da rauni ake auna shi. Ana buƙatar dabba aƙalla 20, kuma kashi 80 cikin 100, wato 16, su fita ba tare da ko ɗaya daga alamomin da aka lissafa ba. Cikinsu akwai karaya, gocewar gaɓa a sama da wuyan ƙafa, tsinkewar jijiya, zubar jini mai yawa, yankewar gudun jini zuwa ƙafa, karyewar haƙori har ɓargonsa ya bayyana, raunin ido, raunin laka, guntulewar gaɓa, da mutuwa. An haɗa da halayya biyu: dabba ta ciji kanta har ta ji mummunan rauni, ko ta yi lamo ta daina motsi da amsa komai. Wannan ne ya sa tarkon ƙafa na yau ya bambanta da na da. Wani an naɗe muƙamuƙansa da roba, wani an ƙara masa kauri don kada ya yanka, wani an bar 'yar tazara tsakaninsu ko da ya rufe. Ana sa majuyi a sarƙa don ƙafa kada ta murɗe in dabba ta zagaya, da sifirin mai shanye fizga. Tun 2001 tsohon tarkon ƙafa na ƙarfe zalla ya haramta a Kanada wajen riƙe kerkeci, koyote, kyanwar daji da rakun.

Cibiyar Fata ta Kanada, wadda aka kafa a 1983, ita ke tsara gwaje-gwajen, kuma an yi yawancinsu a garin Vegreville na lardin Alberta. Da bayanai suka taru, aka gina manhajar kwamfuta mai ƙiyasta aikin tarko daga ƙarfin bugunsa da ƙarfin matsinsa, abin da ya rage yawan dabbobin da ake gwaji da su. Larduna ne ke mayar da sakamakon doka. Daga kakar 2007 suka fara wajabta tarkuna masu shaida ga dabbobi irin su biba, matin da fisha, sauran suka biyo a hankali. Fatar da za ta shiga Turai sai da takardar shaidar ƙasar da ta fito. Ta kyanwar daji, karen ruwa da kerkeci kuma tana buƙatar ƙarin izinin fitarwa ƙarƙashin CITES, yarjejeniyar ƙasa da ƙasa kan cinikin namun daji.

Shaida a takarda ba ta hana tarko ɓata aiki a daji. Sifirin da ya gaji ko ya yi tsatsa zai rufe, amma bugunsa ba zai kai ba, dabba ta daɗe tana shure-shure. Kunamar tarko in ta karkace ko ƙanƙara ta riƙe ta, tarkon kan tashi a makare, ya kama ƙugu maimakon wuya. Don haka masu kamun matin ke sa tarko cikin akwatin katako, nama a can ciki, a ɗaura akwatin a jikin itace, ta yadda dabbar za ta shigo da kai a daidai inda ake so, kare kuma ba zai kai gare shi ba. Wanda ya sauya sifirin ko ya lanƙwasa firam yadda ya ga dama ya fita daga ƙirar da aka ba shaida. Lokacin buɗe kakar tarko ma yana da dalili: fatar da aka feɗe kafin sanyi ya kama sosai bayanta kan yi shuɗi-shuɗi, gashinta bai cika ba, kuma a gwanjo ba ta da daraja. Kitse in aka bar shi a jikin fata yana ƙona ta, gashi ya zube.

Akwai rangwame. Hukuma na iya ba da izini na musamman don lafiyar jama'a, kare dukiya, bincike, ko amfani da tarkunan katako na gargajiya da al'ummomin asali ke riƙe al'adarsu da su. Akwai kuma giɓi, kuma bai kamata a rufe ido a kansa ba. Yanyawa ja, da minki da wulbarin, dangin matin, ba sa cikin jerin, alhali ana kama su. Zargen waya da mai tarko ke haɗawa da hannunsa ba ya bin irin jarrabawar tarkon masana'anta, sai dai ya dace da ƙirar da hukuma ta yarda da ita. Mafi muhimmanci, yarjejeniyar da kanta ta ce za a duba yiwuwar rage daƙiƙa 300 zuwa 180, kuma an shafe shekaru fiye da ashirin adadin yana nan yadda yake. Minti biyar cikin matsin ƙarfe lokaci ne mai tsawo ga abu mai rai.

Yarjejeniyar ta bar ƙofar Turai a buɗe, amma ba ta iya riƙe farashi ba. Hudson's Bay ya daina sayar da kayan fata a shagunansa a 1991. Babban gidan gwanjon fatu na Toronto, NAFA, ya durƙushe a 2019, ya bar Fur Harvesters Auction na garin North Bay a matsayin babbar kasuwar fatun daji a yankin. A 2021 kamfanin Canada Goose, wanda ke sa gashin koyote a bakin hular rigunansa, ya sanar zai daina amfani da fata, farashin koyote ya bi shi ƙasa. In kuɗin fata bai biya man babur ɗin ƙanƙara da sabbin tarkuna masu shaida ba, matashi ba zai gaji ubansa ba. A Kalifoniya masu tarko sun ragu har kuɗin lasisinsu ya kasa biyan kuɗin kula da su, kuma wannan na cikin hujjojin da aka kafa lokacin da gwamna Gavin Newsom ya sa hannu kan dokar hana tarko don fata a Satumba 2019, jiha ta farko da ta yi hakan a Amurka.

Kanada wata hanya ta bi, domin biba ba ta daina datse magudanan ruwa tana cika hanyoyi da gonaki don farashi ya faɗi ba, kuma a ƙauyukan arewa tarko abinci ne da ilimin daji. A Ontariyo sai mutum ya yi kwas na sa'o'i 40 kafin ya samu lasisi, kuma an buɗe wa yara 'yan shekara 12 zuwa 15 damar koyo ƙarƙashin babba mai lasisi. Gwamnatin Yankunan Arewa maso Yamma tana ba mai tarko kuɗin kafin alƙalami da zarar ya miƙa fata mai kyau, ta kai ta gwanjo a madadinsa, ta ƙara masa lada in fatar ta yi daraja, sannan tana ɗaukar nauyin fita da 'yan makaranta daji tare da dattawa. A Kebek, yarjejeniyar James Bay ta 1975 ta samar wa iyalan ƙabilar Kiri tallafin kuɗi na shekara, bisa sharaɗin mai gida ya yi aƙalla kwana 120 yana farauta, kamun kifi, tarko da ayyukan da suka danganci su.